Ƙaramin Kofin Gwaggo Asibi

Ku da kuka saba bin labarina, da ku da yau kuka faɗo cikinsa, sannunku da zuwa. Sunana Laraba, 'yar Dattijo Dogara kafinta. Jikata da ke buga mini maganar nan a wayarta sai dariya take yi, wai ashe ni ma namiji ya taɓa hana ni sukuni. Ya hana, yarinya, har na fi ki rawar kai. Ke dai rubuta.

A shekarar 1976 ne. Garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja muke ce masa, kuma duk inda ka juya zancen ɗaya ne, wai gwamnati za ta gina sabon birni a bayan Dutsen Zuma. Baƙi sun fara cika gari, masu awon ƙasa da akawuna da direbobi. Mu asalinmu mutanen Diko ne, aikin katako ya kawo Baba cikin gari tun ina goye. Shi ya ƙera bencinan majami'armu da hannunsa, shi ne kuma babba a cikin dattawan ikilisiya, wato masu kula da jama'ar majami'a. In Baba ya yi gyaran murya a taro, har fasto sai ya dakata.

Ranar Asabar ɗin da zan ba ku labarinta, ina tsugune a madafa ina dafa zoɓorodo. Ba na sha ba ne. A majami'armu ba ma amfani da ruwan inabi a Jibin Ubangiji, wato ranar da masu baftisma ke cin gurasa su sha daga kofi don tunawa da mutuwar Almasihu. Zoɓo ake dafawa a tace shi tas, ba citta ba kanumfari, sukari ɗan kaɗan. Aikin gidanmu ne tun fil azal, kuma da idon Mama ya fara ba ta wahala sai ya dawo hannuna. Ni ke dafawa, ni ke jera tire in rufe da farin ƙyalle, ni ke wanke kofuna in an tashi.

Kofuna na ce, domin biyu ne.

Akwai babba mai ƙyalli, wanda wata Baturiyar mishan ta bari da za ta koma ƙasarsu. Kofin azurfa muke ce masa, ko da yake Baba ya ce ba azurfar komai. Shi ke zagaya benci benci, kowa ya kurɓa, a goge bakin kofin a miƙa wa na gaba. Abin da ya rage fasto ke shanyewa a gaban kowa, don ba a zubar da shi. Sai kuma ƙarami na kwano, fari mai shuɗin baki, fentinsa ya ɓare a gefe guda har baƙin ƙarfen ya fito. Wannan na mutum uku ne da ke zama a tabarma kusa da ƙofar baya. Dukansu sun yi ciwon kuturta, sun daɗe a asibitin mishan, likita ya ce sun warke ya sallame su. Abin da suka rage a kofinsu, ni ke fita da shi in zubar a gindin dalbejiyar bayan majami'a. Da toka da ruwan zafi nake wanke shi, shi kaɗai, kuma ba ya shiga cikin kwanukanmu. A kan katangar bayan madafa yake zama.

Ɗaya daga cikin mutum ukun nan ita ce Gwaggo Asibi, ƙanwar Baba, uwa ɗaya uba ɗaya.

Haka na taso na gani, ban taɓa tambayar dalili ba, sai da aka kawo mana Fasto Ayuba. Dogo ne siriri, ya tara sumar nan ta zamani ta yi masa tozo a ka, ga wando mai faɗin ƙafa da sai ya ɗaure shi da roba kafin ya hau keke, kada sarƙa ta cinye masa. Bai daɗe da fitowa daga makarantar fastoci ba. Jibinsa na farko a wurinmu, ya ga na fita da ƙaramin kofi, sai ya biyo ni.

"Ina za ki kai shi?"

"Zubarwa, Fasto."

Kallon da ya yi mini, sai ka ce na ce masa zan zubar da tuwo a gaban mai jin yunwa. To daga nan aka fara. Wasu 'yan matan a dandali ake fara ganinsu sun ci ado, ni a gindin dalbejiya aka gan ni da kofin kutare a hannu.

Ku masu waya ba za ku gane ba. Mu saƙonmu ƙararrawar keke ce. In ya zo wucewa ta ƙofar gidanmu sai ya kaɗa ta, ko da ba ko akuya a hanya, ni kuwa duk abin da ke hannuna sai ya nemi faɗuwa. Ba a jima ba mutanensa suka zo daga kudancin Zariya da kayan gaisuwa cikin akwatin ƙarfe mai zanen furanni. Atamfofi, ɗankwalaye, man shafawa, da takalmi mai tudu wanda na yi ta gwada tafiya da shi a ɗaki ina karo da gado. Baba ya karɓa, aka ce biki bayan girbi. Akwatin na ƙarƙashin gadona, kullum sai na jawo shi na leƙa.

Sai ranar Alhamis, a taron dattawa, Ayuba ya miƙe ya ce daga Lahadin nan kofi ɗaya za a yi amfani da shi, kowa da kowa. Dattawa suka ce ba a isa ba. Baba ya dawo gida bai ko kalli tuwo ba, ya ce wa Mama da muryar da ya san zan ji daga ɗaki: "In yaron nan ya taɓa tsarin kofi ranar Lahadi, akwatinsa ya bi shi."

Shi ya sa ranar Asabar nake juya zoɓo kamar mai faɗa da tukunya. In zauna, in miƙe, in leƙa ƙofa, in dawo. Ummi maƙwabciyarmu, 'yar gidan Malam Isiyaku mai jima, ƙawata tun muna wasan ƙasa, ta leƙo ta kan katanga.

"Matar fasto, zoɓon ne ke ƙonewa ko ke ce?"

"Ummi, don Allah ƙyale ni."

"Na ji labari ai. Yanzu a kan kofi za ki rasa miji? Ke, ni da a ce nawa ne, wallahi sai in jefa kofin a rijiya in ce ɓera ya ja."

"Ɓera ya ja kofin kwano?"

"Ɓerayen garin nan? Har tabarya sai su ja."

Na yi dariya ba don ina so ba. Ban rufe baki ba sai ga ƙararrawar keke, Ummi ta yi mini gwalo ta sauka.

Na same shi a zaure, ya kawo burodin da za a gutsuttsura gobe, naɗe cikin takarda. Rigarsa ta jiƙe da gumi, idonsa ya faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na karɓi burodin, amma bai saki ba.

"Laraba, ba sai kin yi wani abu ba. Ki manta ƙaramin kofin a kan katanga kawai. In na ɗaga ƙyalle na ga kofi ɗaya, da ɗaya zan yi aiki."

"Wato ni in ɗauki laifin, kai ka ɗauki wa'azin."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ya fito, Malam."

Ya saki burodin ya share fuska. "Ki gaya mini, ranar da Ubangiji ya zauna cin abincin ƙarshe da mutanensa, kofi nawa ya ɗauka?"

"Ɗaya."

"Wanda zai bashe shi ma yana wurin zaune, bai ware masa nasa ba. To gwaggonki me ta yi da ya fi wannan? Kowace Lahadi ina tsayawa ina gaya wa mutane mu jiki ɗaya ne. Wane jiki ne ke ware wa hannunsa kwanon ci? Likita ya ce sun warke. Ni ne zan tsaya a teburin Ubangiji in ce ba su warke ba?"

Gaskiya ce, na sani, kuma abin da ya sa nake son sa kenan, wannan wutar da ke cikin maganarsa. Amma ranar haushinta nake ji.

"Ka ji abin da Baba ya ce?"

"Na ji."

"Sai me?"

"Laraba, in na yi shiru a kan wannan don in same ki, wane irin miji kika samu?"

"Mai mata," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya ja kekensa ya fita, ni kuwa na tsaya da burodi a hannu.

Baba na rumfarsa a bayan gida yana goge katako. Bai ɗago ba ya ce, "Na ji fitar keke. Ki jera su biyu kamar kullum."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. "Baba, ai ƙanwarka ce."

Ya ajiye abin gogewar a hankali. Na zaci tsawa zai yi, har na ja baya. Sai ya nuna mini guntun katako ya ce in zauna.

"Ke ba ki da wayo lokacin da aka sallamo Asibi. A bakin taga take tsayawa tana sauraron waƙa, ruwa na dukanta. Mutane suka ce in ta shigo su sun fita. Na bi su gida gida, na durƙusa wa waɗanda na girme su. Da ƙyar suka yarda da tabarma a bakin ƙofa, da sharaɗin kofi daban. Ni na je kasuwa na sayo kofin nan. Ni nake kai musu shi har yau, don ba dattijon da zai ɗauka." Ya kakkaɓe garin katako daga gwiwarsa. "Yaron nan ya zo jiya, ya ga kofi, bai ga taga ba. In ya matsa, rabin ikilisiya za su watse, Malam Baƙo ya riga ya faɗa a taro. Kuma kin san wa za a zaga a kasuwa? Ba shi ba. Asibi."

Malam Baƙo akawu ne, dattijo na biyu bayan Baba, kuma yawancin baƙin ma'aikatan da suka fara zuwa majami'armu shi ya jawo su. In ya fita, ba shi kaɗai zai fita ba.

Na bar rumfar kaina ya ƙara ɗaurewa. Da a ce ɗayansu mugu ne da na huta. Ga Baba da gaskiyarsa, ga Ayuba da tasa, ni ce kuma a tsakiya riƙe da tire.

Duk Asabar da yamma nakan kai wa Gwaggo tuwo. Ɗan ɗakinta na can gangaren kogin Iku, inda gidaje suka ƙare. Gawayi take sayarwa, don shi kaɗai mutane ke yarda su saya a hannunta, wai ko me ke jikinsa wuta za ta cinye. Na same ta tana tura gawayi cikin gwangwani da tafin hannu. Ciwon ya tafi da yawancin yatsunta, amma bai taɓa bakinta ba, don Gwaggo akwai baki.

"A'a, amarya! Me ya sami fuskar? Ko takalmin tudu ya kayar da ke?"

Na zauna na kwashe komai na gaya mata. Ta saurara tana taunar goro a hankali.

"Oho. Yayana ya yanke, fastonki ya yanke. Ana ta kokawa a kan bakina, amma ba wanda ya tako nan ya ce, Asibi, ke me kike so?"

Kunya ta kama ni, don ni ma ba tambaya ce ta kawo ni ba, kuka na kawo.

"To me kike so, Gwaggo?"

"Babban kofin dai ba na so. In na kai bakina na gaba ya ƙi sha, ni ce na ɓata teburin Ubangiji kenan. A bar ni da nawa, mun saba. Wurin nan da ya ɓare, nan bakina ke zama, don ta nan nake iya tallafe shi." Ta nuna da tafukanta biyu yadda take yi. Sai ta juya tana kallon kogi.

"Abu ɗaya ne dai. Kin san tabarmarmu kusa take da dalbejiya. Ina jin ƙarar zubarwar. Na mutanen gaba jinin Ubangiji ne, ba a bari ɗigo ya taɓa ƙasa. Namu kuwa sai in ji shaaa, kamar an watsa ruwan wanki. Duk wata sai na tambayi kaina, shi ɗin ne ya canza a hanya kafin ya iso baya, ko mu ne muka ɓata shi?"

Ta san hannun wa ke zubarwa, ni ma na sani.

"Kada ki yi mini kuka a kan gawayi," ta ce. "Aiken ki aka yi. Buɗe langar nan in ga ko uwarki ta sa daddawa yau."

Lahadi da safe na yi wanka na ɗaura shuɗiyar atamfata, na kafa ɗankwali, na kwance, na sake kafawa. Na jawo akwatin na ciro takalmin tudu, wanda na ce sai ranar biki. Na ce a raina, in yau za a mayar da shi, gara ya taka ƙasa ko sau ɗaya. Na zuba zoɓo, na gutsuttsura burodi. Na je bayan madafa na tsaya gaban katanga ina kallon ƙaramin kofin, shi ma kamar yana kallona. Daga nan na ɗauko shi na ɗora a tire kusa da babban, na rufe.

Majami'a ta cika fiye da kullum, don labari ya zaga. Har waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu sun zo kallo. Ina bencin mawaƙa a gaba, bakina na motsi amma ban san me muke rerawa ba. Da aka gama wa'azi Ayuba ya sauko gaban tebur, ya yi addu'a, ya ɗaga ƙyallen.

Ba zan manta da fuskarsa ba. Ya kalli kofunan, ya ɗago ya neme ni da ido har ya same ni. Ba fushi na gani ba, da fushi ne da sauƙi. Kallon wanda aka bari shi kaɗai ne. Na sunkuyar da kai. A gefe na ji Baba ya sauke numfashi.

Aka raba gurasa. Malam Baƙo ya ɗauki babban kofi ya fara da bencin gaba. Baba ya ɗauki ƙaramin ya bi ta gefen bango zuwa baya, kamar yadda ya saba.

Sai na miƙe.

Kada ku tambaye ni ko na shirya. Tun daga gangaren Iku abin ke yawo a kaina, amma ban yarda zan yi ba sai da na ji ƙafata na tafiya. Kuma takalmin banzan nan ya tona ni, ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti, har wanda ke gyangyaɗi ya farka. Na bi ta tsakiyar majami'a na wuce bencin Mama, na ji ta ce "Laraba!" a ƙasan maƙoshi. Na isa bakin tabarma na tuɓe takalmi na zauna kusa da Gwaggo. Tsohon da ke gefenta ya yi sauri ya matsa, kada jikinsa ya taɓa nawa.

"Ke, tashi," Gwaggo ta raɗa mini. "Kin haukace?"

Na gyara zama na ƙara matsowa kusa da ita.

Baba ya iso. Ya ba tsofaffin nan biyu suka kurɓa. Ya ba Gwaggo, ta tallafe kofin da tafukanta ta kurɓa ta mayar. Sai na miƙa hannuwana biyu.

Majami'a ta yi tsit, har kukan akuyar maƙwabta ana ji. Baba ya sunkuyo.

"Laraba, tashi ki koma wurinki."

"Baba, ni ma an yi mini baftisma."

"Naki na gaba."

"Ba abu ɗaya ba ne a ciki?"

Ni ce na dafa zoɓon nan a tukunya ɗaya, ya sani. Kuma shi da bakinsa ya koya mini tun ina ƙarama cewa ba a hana mai bi kofin Ubangiji sai in yana ƙarƙashin horon ikilisiya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa mini kofin a hannu.

Zan gaya muku gaskiya, tunda ita na zauna faɗa. Da kofin ya zo daf da bakina, na ga wurin nan da ya ɓare, da ɗan danshin bakin Gwaggo a kai. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya yi da kansa. Na juya kofin kaɗan, na sha ta ɗaya gefen. Zoɓo ne dai, mai ɗan tsami, irin wanda na dafa.

Na mayar wa Baba. Saura kamar kurɓi ɗaya a ciki. Ya kalli ƙofar baya inda dalbejiya take, ya kalli ƙanwarsa. Gwaggo ta ɗago ido ta dube shi. Ban san me suka faɗa wa juna a kallon nan ba, su da suka sha nono ɗaya. Sai na ga Baba ya ɗaga kofin ya kafa kai ya shanye.

Wata mata ta saki ihu. Malam Baƙo ya dire babban kofin a kan tebur, ya ɗauki hularsa, ya yafuto iyalinsa. Benci ya fara ƙara, mutane na fita ta ƙofar gaba, wasu da sauri, wasu suna waiwaye. Waɗanda suka rage ba su fi rabi ba. Ayuba ya ɗauki babban kofin da kansa ya ƙarasa zagayawa da shi, muryarsa na karyewa. Gwaggo kuwa ta ja gefen zanenta ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Ranar ba abin da aka zubar a gindin dalbejiya.

A gida Mama ta tare ni da ruwan ɗumi da gishiri, wai in kurkure baki. Tana kuka tana faɗa. "Wa zai ci abincin hannunki yanzu? Wa zai zo bikin? Ke da ubanki kun gama da ni!" Na karɓi ruwan na ajiye a ƙasa. Na kasa zama, na kasa cin abinci. Na share tsakar gidan da ba ta da datti. Ummi ta leƙo, ta ga fuskata, wannan karon ba ta yi tsokana ba, ta ce kawai, "Sannu, Laraba."

Baba bai dawo ba sai bayan la'asar, dattawa sun riƙe shi. Yana shigowa ya wuce ɗakina, abin da bai taɓa yi ba, ya jawo akwatin ƙarfen har tsakar gida. Ya ɗauki kujerarsa ya zauna kusa da shi.

Ba a jima ba Ayuba ya yi sallama. A hannu ya turo keken, ba ƙararrawa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Baba. Ni ina bakin madafa, a inda zan ji komai.

"An sauke ni daga dattijo," Baba ya ce. "Kai kuma za su nemi a ɗauke ka daga nan, wataƙila wani ƙauye a bayan Madalla. Na ce in ka taɓa tsarin kofi akwatinka zai bi ka. Ba ka taɓa ba, ni da 'yata muka taɓa. Amma yarinyar da ka nema ba ita ce ta yau ba. Gari duka ya ji inda ta sa bakinta, mutanenka ma za su ji. Ga akwatinka nan. In ka ɗauka, ba wanda zai ga laifinka."

"Haba, Baba Dattijo! Ko kusa!" Ayuba ya ɗago, idonsa ya kawo haske. "Ai abin da nake ta faɗa kenan. Yau aka yi ikilisiya ta gaskiya a garin nan. Yau aka rushe katangar da ke tsakanin..."

Ya kama wa'azi, jama'a. A tsakar gidanmu, a gaban mutumin da aka tuɓe yanzun nan, ga Mama na sharɓe a ɗaki. Ina son sa, Allah ya sani, amma haushi ya kama ni. Duk hayaniyar nan shi ya kunna ta, kuma a cikinmu shi kaɗai ne bakinsa bai taɓa ƙaramin kofin ba.

Tiren na nan a madafa ban wanke ba. Na ɗauki ƙaramin kofin, na ɗauraye shi da ruwan randa kawai, ba toka ba ruwan zafi. Na cika shi na fito, na durƙusa gabansa yadda ake yi wa baƙo.

"Malam, ka sha rana. Ga ruwa."

Maganar ta tsaya masa a baki. Ya kalli kofin, ya kalle ni. Ya miƙo hannu, ya tsaya bai kama kofin ba.

"Wa'azin ya fi sauƙi," ya ce a hankali, da wata 'yar busasshiyar dariya.

"Na sani," na ce.

Ya karɓa ya sha, bai rage ko ɗigo ba.

Baba ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya miƙe yana dafa gwiwa. "Laraba, mayar da akwatin nan ɗaki, kada raɓa ta sauka a kansa."

Na kama hannun akwatin ina ja, ƙarfen na kurza ƙasa. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma akwai abin da na gani da ya hana zuciyata kwanciya. Kafin Ayuba ya kai kofin baki, yatsunsa sun juya shi kaɗan, ya kauce wa wurin da ya ɓare. Ban ce masa komai ba, da wane bakin zan faɗa? Ni ma haka na yi da safe.

A cikinmu mu uku, Baba kaɗai ne bai juya kofin ba. Ina zaune a gabansa, da idona na gani. Daidai inda bakin ƙanwarsa ya tashi, nan ya ɗora nasa.